Farin Tef a Bakin Tagulla

Sufana ake ce masa a layin, kuma sunan ya daɗe da danne na yanka. Mai gyaran famfo ne, ko a ce shi ne a da. Tun yana saurayi yake kwanciya rigingine a ƙarƙashin wurin wanke-wanken mutane, ya zura hannu inda masu gida ba sa son ko kallo, ya fito da abin da suka rantse ba su zuba ba. Cokali, tsumma, curin gashi, kan 'yar tsana, har haƙoran roba ya taɓa cirowa. Wannan ya sa bai cika yarda da bakin mutum ba. In aka kira shi aiki matar gida ta fara dogon bayani, sai ya ce ta dakata tukuna, ya ɗora tsinin sukundireba a jikin bututu, ya kafa kunne a mariƙin, ya saurara. Daga nan ya nuna wuri da yatsa ya ce a nan take. Ba kasafai yake kuskure ba, in kuma ya yi, ba ya ɗora wa kowa.

Gwiwoyi ne suka fara sallamarsa. Durƙuso a kan siminti mai jiƙa ba ya barin mutum haka nan. Daga baya matarsa ta rasu, ta bar shi a saman benen da suka zauna tun aurensu: ɗaki ɗaya, ɗan kicin, da banɗakin da shi da kansa ya shimfiɗa wa bututu. A ƙasa shagon mai aski ne. Taga ɗaya ce, tana kallon bayan wani gidan burodi.

'Ya ɗaya gare shi, ma'aikaciyar jinya, wadda yake ce wa Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci. Bayan rasuwar ta so ta kwashe shi zuwa gidanta. Ta kawo maganar matakala, ta kawo ta tukunyar gas, ta kawo labarin tsofaffin da ake kawo musu asibiti da ƙuna ko karaya bayan sun kwana a ƙasa ba wanda ya sani. Ya saurare ta har ta gama. Ya ce shi ba ya zama gidan suruki yana da hannu.

"Ranar da hannun nan ya kasa riƙe sufana, ki zo da mota," in ji shi. "Ba zan yi miki gardama ba."

Ta ce ya tabbata? Ya ce yaushe ta taɓa jin ya faɗi abu ya sake. A haka aka tsaya.

Injin da ke ɗakinsa kuwa daga gidan surukin ya fito. Surukin mutumin kirki ne, sai dai irin mutanen nan ne masu sayen abu da ɗoki su watsar kafin ledarsa ta tsufa. Ya sayi keken motsa jiki, ya zama wurin shanya tawul. Ya sayi wannan injin da ke narka roba yana gina ƙananan abubuwa layi bisa layi, ya fitar da ɗan kwale-kwale ɗaya da wani karen da bai da kunne, shi ke nan ya tura shi bayan ƙofa. Uwata ta ɗauko ta kawo wa babanta don ya samu abin taɓawa. Sufana ya ce shi ba yaro ba ne da za a kawo wa abin wasa. Bayan ta tafi ya zagaya teburin, ya leƙa ta ƙasa, ya bi zaren robar da ido tun daga kwarkwaron da aka naɗe shi har inda yake fita. Sai ya ga ai ba baƙon abu ba ne. Kwarkwaron shi ne tanki. Ɗan ƙarfen nan mai haƙora da ke cizon zaren yana tura shi, shi ne injin turo ruwa. Ga bututu, ga maƙogwaro, ga dunƙulen ƙarfen da ke ɗaukar zafi, ga kuma ɗan bakin tagulla a ƙarshe, wanda shi ne kan famfo. Bambancin kawai, wannan ruwan sai an dafa shi yake gudu.

Wanda ya ba injin aikin yi shi ne wani tsohon yaronsa, wanda shi ma yanzu furfura ta kama gemunsa, yana koyar da aikin famfo a makarantar koyon sana'a. Ya zo gaisuwa ya ga injin, ya ce ɗalibansa suna haddace sunan bawul amma ba su san abin da ke cikinsa ba, makarantar kuma ba za ta bari a yanka na gaske ba. Tun daga nan yake kawo zane a ɗan kati, Sufana ya sa a injin, ya fitar da bawul da aka tsaga biyu, da kan famfo da ake ganin hanjinsa, da lanƙwasar nan ta ƙarƙashin wurin wanke hannu da ke tare wari. Yakan riƙe kowanne a haske ya duba, in bai yi masa ba ya jefa kwando ya sake. Kusan kullum injin yana aiki. In Uwata ta kira waya ta ji ɗan kukansa a bayan muryar babanta, sai hankalinta ya kwanta. Ba ta taɓa faɗa ba, amma ya lura tana yin shiru tana saurare kafin ta ce ina kwana.

Hannun dama ne ya fara. In ya ajiye shi a kan gwiwa, lafiya lau, kamar na kowa. Sai ya nufi abu da shi. Da zarar yatsu sun doshi maɓallin riga ko ramin makulli, sai su kama rawa, kuma gwargwadon ƙanƙantar abin gwargwadon rawar. Na hagu ya biyo baya a hankali. Bai gaya wa kowa ba. Ya koma zuba shayi rabin kofi. Ya ajiye riguna masu maɓalli a ƙasan akwati. In Uwata ta zo sai ya zauna a bakin gado, hannuwa bisa gwiwa, ya bar ta ta dafa, ta zuba, ta sha nata, nasa ya huce a gabansa ya ce ya sha ɗazu. Ta ɗauka lalacin tsufa ne, har tana tsokanarsa wai ya zama mai gida na gaske.

Mai aski ne ya fara ganewa. Sufana bai taɓa ba wani haɓarsa ba, da kansa yake yi a gaban ɗan madubin banɗaki. Ranar da ya sauko ya zauna a kujera, mai askin ya tsaya da almakashi a hannu yana kallonsa.

"Yau kuma me ya faru a gari? Ko rezarka ce ta yi yaji?"

"Madubi ne ya dushe."

"Madubi dai. Shekara da shekaru ina ganin wannan haɓa tana wucewa ta ƙofata kamar mai gaba da ni. Ɗaga kai, tsoho."

Da aka gama, Sufana ya kai hannu zai kwance zanen da aka ɗaura masa a wuya, yatsu suka yi ta lalube a kan ƙullin. Mai askin ya gani ta madubi. Ya ture hannun kamar mai korar ƙuda, ya ce wannan aikinsa ne, kowa ya tsaya a sana'arsa. Bai ƙara kalma a kai ba, ranar ko bayanta.

Matsalar injin da yoyo ta fara. Wata safiya Sufana ya ga roba tana tsattsafowa ta saman bakin tagullar, tana taruwa baƙa a jikin ƙarfen, tana ɗigowa a kan aiki. Ya san a ka'ida da zafi ake kwance bakin, da zafi ake mayar da shi. Tsohon yaronsa ya faɗa masa tun farko. Ya kunna, ya ɗauko sufana, ya kai hannu kusa har ya ji hucin a bayan yatsunsa. Ga wasu wayoyi biyu sirara kamar gashi a manne da ƙarfen. Ya dubi wayoyin, ya dubi hannunsa, ya kashe injin. Ya jira har ƙarfen ya huce yadda fata za ta iya jurewa, ya kwance bakin da ƙarfin tsiya, ya kankare shi tas.

Daga nan hannunsa ya yi abin da ya saba. Duk mai gyaran famfo da ya ga mahaɗa tana yoyo, abu ɗaya yake lalubowa a aljihu: farin tef ɗin nan mai santsi da ake naɗawa a tiredi, wato zanen murɗin bututu, kafin a murɗa. Sufana ya naɗa shi sau dubbai, ido a rufe ma zai iya. Ya yanki siriri, ya naɗa a tiredin tagullar ta inda murɗi zai bi, ya mayar, ya ɗaure da sanyi. Yoyo ya tsaya. Ya zauna yana kallon injin yana zana gindin wani babban bawul, na ƙarshe a jerin da makarantar ta nema, ya ji daɗin da ya kwana biyu bai ji ba.

Bai daɗe ba. Ana tsakiyar bawul ɗin ya ji wani ƙas, ƙas, ƙas daga sama. Kan injin yana ta kai da komo yadda ya saba, amma ba abin da ke fita, sai zane yake a iska. Toshewa.

Wannan kam gidansa aka zo. Bai yi gaggawa ba. Ya fara daga tanki, kamar kullum: ya juya kwarkwaron, zare bai harɗe ba. Ya sauko kan haƙoran da ke turawa, ya tarar sun ci gefen zaren sun cika da garinsa, alamar suna turawa ne abu ya ƙi tafiya. Ya goge su da tsohon buroshin haƙori. Ya cire bututun ya hura, iska ta wuce. Ya kunna zafi, ya dangwala guntun roba a jikin ƙarfen, ta narke nan take, wato wuta ba ta da laifi. Saura ɗan taƙin da ke tsakanin maƙogwaro da baki.

Akwai wata allura da ta zo da injin, siririya fiye da ta ɗinki, wadda ake zurawa a ramin bakin ta ƙasa yana da zafi. Ya sa tabarau. Ya jingina gwiwar hannu a tebur, ya riƙe wuyan hannun dama da na hagu, ya ɗauke numfashi. Allurar ta yi ta zagaye ramin tana ƙwanƙwasa tagulla, ta ƙi shiga. Ya huta, ya sake. Ya sake kuma. A wani yunƙurin allurar ta lanƙwashe, gindin babban yatsansa ya manne da ƙarfen. Bai yi ƙara ba. Ya je ya sakar wa wurin ruwa, yana tsaye yana kallon fatar tana yin fari. Mutumin da ya buɗe magudanar asibiti guda da sandar ƙarfe, yau ramin da bai kai ƙwayar yashi ba ya gagare shi.

Da hannun ya lafa, sai ya bi ta hanyar da ba ta bukatar saiti, ƙarfi kawai take so. Ya zafafa, ya danna zaren da hannu iya shigarsa, ya kashe, ya bari robar ta fara daskarewa, sannan ya fizgo ta sama gaba ɗaya. Ta fito da siffar cikin wurin a jikinta. Ya kai taga ya duba. Kusa da tsinin akwai wani kumburi kamar zobe, wanda bai kamata a ce yana nan ba, kuma a cikin zoben ga ɗan farin abu a maƙale.

Ya daɗe yana juya shi a haske. Tef ɗinsa ne.

Ya kira tsohon yaron nasa, ya faɗa masa abin da ya yi ba tare da kwana-kwana ba. Can ɓangaren ya ji ana danne dariya saboda girman wanda ya yi abin.

"Maigida, wannan ba irin namu ba ne. Ba tiredi ke tare shi ba. Fuskar bakin ce take haɗuwa da ta maƙogwaro, ƙarfe da ƙarfe. Tef ɗin ya hana su haɗuwa, roba ta samu ɗaki a tsakani ta zauna."

"Na gani da idona."

"A cire tef kawai, a mayar, a zafafa sosai. Filaya a hannu ɗaya ta riƙe dunƙulen kada ya juya ya tsinke wayoyin, sufana a ɗayan. Ɗan murɗi kaɗan ne. Ko in shigo in yi?"

Sufana ya ce wa ya koya masa riƙe filaya. Yaron ya ce shi ne. Sufana ya ce to ya zauna wurin ɗalibansa.

Duk abin da za a iya yi da sanyi ya yi. Ya sake kwance bakin, ya tsince tef ɗin zare-zare da farce, abin da ya ci masa yini. Ya wanke tiredin, ya mayar da bakin da yatsa har ya tsaya. Ɗan murɗin nan kawai ya rage. Kullum da safe sai ya kunna injin, ya jira zafi ya hau, ya ɗauki filaya da sufana ya tsaya a gaban teburin. Sai ya kashe. Rabin bawul yana nan manne a faranti, ƙura ta fara sauka a kansa.

Mai aski ya hauro da kansa, abin da bai saba ba, wai ya ji silin ɗinsa ya yi shiru ya zo ya ga ko an mutu ne a raba gado. Ya ga ƙunar, ya ga kayan aiki a jere, ya ce a nuna masa inda za a murɗa. Shi da yake yawo da reza a maƙogwaron mutane, ɗan noti ba zai gagare shi ba, kuma bakinsa ba ya yoyo.

"Na sani," in ji Sufana. "Ba injin ba ne, alkawarin da na yi wa Uwata ne."

Mai askin ya ce shi dai a ganinsa wanda bai sani ba bai sani ba, Uwata tana da ɗawainiyarta. Sufana ya ce shi ya sani ai. Mai askin ya ce taurin kai dai ba magani, ya sauka yana mita a matakala.

Uwata ta kira sau biyu tana jin ɗakin shiru. Na farko ya ce injin yana hutawa. Na biyu ta tambaya kai tsaye, ya ce ya toshe. Ta yi dariya ta ce toshewa a gidan Sufana, ai abin kunya ne. Ranar da ta tashi aiki da wuri sai ga ta da rana tsaka, da leda a hannu, ko takalmin asibiti ba ta canza ba.

Ya zauna a bakin gado yadda ya saba, hannuwa bisa gwiwa, na hagu a kan na dama. Ta share ɗakin, ta buɗe taga, ta ɗora ruwa. Ta ba shi labarin wurin aiki da na mijinta, wanda yanzu kiwon kifi a baho ya shiga ransa. Sannan ta tsaya a gaban injin ta ce me ya same shi. A kan aiki Sufana bai iya ƙarya ba. Ya faɗa mata duka, tun daga yoyon har tef ɗin, har abin da ya rage.

"Shi ke nan? Murɗi ɗaya?"

"Shi ke nan."

"To ka murɗa mana, Baba."

"Za a yi."

"Yaushe?"

Gobe tana bakinsa. Da ya faɗe ta da an wuce wurin, ta sha shayinta ta tafi. Amma ya san masu cewa gobe, ya yi aiki a gidajensu, ya ga silin ɗinsu ya rufto. Ya miƙe, gwiwoyi suna ƙara, ya kunna injin. Suka tsaya su biyu suna kallon lambar zafi tana hawa. Ƙamshin burodi yana shigowa ta taga, yana haɗuwa da ƙaurin roba.

Ya ɗauki filaya da hagu ya kama dunƙulen. Ya ɗauki sufana da dama. Tun kafin ta isa ta fara rawa, da ta taɓa tagullar kuwa sai ƙara ta cika ɗakin, kamar ana kaɗa cokali a kofi. Ya cije. Sufanar ta hau, ta zame, ta sake hawa. Filayar ma ta ɗauka, dunƙulen ya fara karkata wajen wayoyin.

Uwata ta kama wuyan hannunsa. Ba fizga ta yi ba, riƙo ne irin na aikinta, yatsu biyu a kan jijiya. Ta janye hannun daga zafin, ta juya shi, ta ga ƙunar da ta fara ruwa a gindin yatsa. Ta saki, ta ce ya miƙa hannun ya taɓa hancinsa. Ya ce ba sai an kai nan ba.

"Tun yaushe?"

"An jima."

"Shayin da kake bari yana hucewa."

Ya miƙa mata filayar ta wajen mariƙi, ya ce zafin yana tafiya a banza.

Ta share ido da bayan hannu ta karɓa. Ya tsaya a kafaɗarta yana faɗa mata. Ta kama ta nan, ba ta can ba. Ta bar wayoyin a hagunta. Kada ta matse filayar kamar mai jin haushi, riƙewa kawai. Sufanar ta zauna sosai kafin a motsa.

"Murɗa a hankali har ki ji ya tsaya miki."

"Yaya zan san ya tsaya?"

"Za ki ji a hannunki."

Ta murɗa. Ya ga kafaɗarta ta tsaya cak a daidai inda tasa za ta tsaya. Ya ce ya isa. Ya sa ta zura zaren, ta danna maɓallin turawa. Haƙoran suka ja ba ƙas ko ɗaya, roba ta zubo ta bakin siririya, miƙaƙƙiya, tana naɗewa a kan faranti. Suka duba saman tagullar, a bushe. Uwata ta yi 'yar dariya ta juyo za ta ce wani abu, sai ta ga fuskarsa, dariyar ta tsaya.

Ita ce ta nemi janye maganar. Tana wanke masa ƙunar tana ɗaurewa, tana magana da sauri ba ta kallonsa. Akwai magani da ke rage rawar, za ta kai shi wurin likita. Za a cire gas a kawo butar lantarki. Mai aski yana ƙasa. Maganar da aka yi cikin zafin rasuwa ba dole ba ce, ita ba ta riƙe shi da ita ba. Ya bar ta ta kai aya. Ya ce likita za a je, amma ba ita ta yi alkawarin ba balle ta yafe. Abu ɗaya ya nema: a bari ya sake bawul ɗin daga farko ya gama shi a nan, don yara suna jira.

Bawul ɗin ya fito da kyau. Tsohon yaron ya zo karɓa, Sufana ya tura masa akwatin kayan aiki da ƙafa ya ce ya haɗa da wannan. Mutumin ya fara a'a Maigida, Sufana ya ce ya ɗauka kafin ya ba mai aski ya riƙa cire wa mutane haƙori. Ranar tashi mai askin ne ya sauko da injin a rungume, yana cewa a hankali a hankali ga kansa. Ya sa a bayan mota, ya ce haɓar nan dai ba ta da amana, daga fara zuwa sai gudu. Ya koma shago bai tsaya ganin tashin motar ba.

Ɗakin da aka ba shi a ƙasa yake, ba matakala. Fenti sabo, gado mai laushi, labule. An sa masa tebur an ɗora injin, yana kuma aiki in Uwata ta samu sukunin zura masa zare. Maganin ya rage rawar kaɗan, ya ƙara masa barci. Jikoki suna gaishe shi da safe su wuce makaranta. Ba wanda ya taɓa ɗaga masa murya.

Bangon kan gadonsa shi ne na banɗakin baƙi. Da rana, in gida ya watse, yana jin famfon wurin wanke hannu yana ɗiga. Tun yinin farko ya san ko mene ne: 'yar robar cikin kan famfon ce ta cinye, aikin da bai kai a ɗora ruwa ya tafasa ba. Ya bari har surukin ya dawo daga aiki ya huta, sannan ya faɗa masa, ya kwatanta girman robar da yatsu biyu, ya mayar da hannun kan gwiwa da sauri.

Surukin ya ce wallahi shi ma ya lura, Baba kada ya damu kansa, ƙarshen mako zai kira mai gyara.

"To," in ji Sufana.

Ya koma ɗaki ya tura ƙofa. Ta bango ake ji, ƙofar ba ta rage komai ba.